Yadda Za Ka Saka Intanet a Gidanka Idan Kana Zaune a Ƙaramin Gari

Tambaya a kan wannan batu ta yi yawa, kuma masu yin ta kusan iri ɗaya ne: malamin makarantar da aka tura wata ƙaramar hukuma, ma'aikaciyar asibitin da ke ƙaro karatu ta intanet, mai shagon POS, da magidancin da ya gaji da saya wa kowa data a wayarsa daban. Abin da kowa ke tambaya shi ne, "Wace rauta zan saya?", wato na'urar da ke raba intanet a gida ta Wi-Fi. To, saye ba shi ne farko ba. A gari irin Ringim ko Malumfashi ko Dambatta, na'urar da ta yi wa maƙwabcinka aiki tana iya ƙin yi maka, don kawai ɗakinka yana bayan wani gini, ko kwanon rufinka ya tare sabis. Saboda haka gwaji ne a gaba, kuɗi daga baya.

Wayar fiba da ake ja har cikin gida a Abuja da Legas ba kasafai take kaiwa ƙananan garuruwa ba. Haka ma 5G: tun da MTN ya fara shi a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, yawancinsa a manyan birane yake. Abin da ya rage mana hanya uku ne: raba data daga waya, rauta ko mifi (ƙaramar rautar aljihu) mai cin layin waya, sai kuma Starlink mai kamawa daga tauraron ɗan'adam. Ga yadda za ka gane wadda ta dace da gidanka.

1. Lissafa abin da gidan ke ci

Zauna da takarda ka rubuta wayoyi nawa ne a gidan, akwai kwamfuta, akwai talabijin mai shiga intanet, kuma me ake yi da kowanne. Hira a WhatsApp da kiran murya ba su cin komai sosai. Bidiyo ne ke lashe data. Kallon YouTube na awa ɗaya a matsakaicin haske yana cin wajen rabin giga, idan aka ƙure hasken kuma ya haura giga ɗaya. TikTok da bidiyoyin Facebook ma haka suke zuƙa, mutum bai ankara ba.

A ce mutum shida ne a gidan, kowa yana kallon awa ɗaya a rana. Giga uku ke nan a yini, wato giga 90 a wata, ba a sa karatun kwamfuta da sabunta manhajoji ba. Wannan adadin shi zai nuna maka ko kana buƙatar rauta ko kuwa wayarka ma ta isa. Idan kai kaɗai ne da iyali, kuma abin da kuke ci bai wuce giga 20 zuwa 30 ba, kada ka sayi komai tukuna.

Gargaɗi: duk abin da ka lissafa, ƙara masa rabi. Da zarar an ji akwai Wi-Fi a gida, cin data yana ƙaruwa, domin kowa ya daina tattalin da yake yi lokacin da daga aljihunsa take fita.

2. Gwada sabis a cikin ɗakin da za a yi amfani da shi

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Taswirar da kamfani ya sa a shafinsa ba za ta gaya maka halin da falonka yake ciki ba. Maganar mai shago ma haka. Zuwa da kai ya fi aike.

Kana buƙatar waya mai 4G da layin kowane kamfani: MTN, Airtel, Glo, da 9mobile da yanzu ake kira T2. Ba sai ka saya ba, ari na 'yan uwa da abokai, ka sa wa kowanne 'yar datar gwaji. Sauke manhajar Speedtest, ko ka buɗe shafin fast.com, su ne ke auna saurin intanet da mega a sakan ɗaya. A waya ɗaya za ka riƙa sauya layukan, don idan wayoyi daban-daban ne, ba ka san ko bambancin daga layi yake ko daga wayar ba.

Ka gwada sau uku a rana: da safe bayan asuba, da rana, da kuma tsakanin sallar isha'i zuwa ƙarfe goma na dare. Na daren shi ne abin dogaro. Turken sabis, wato dogon ƙarfen kamfanin waya da ke watsa sabis, kamar famfon unguwa yake, da asuba ka tarar ba kowa ka cika bokitinka nan take, da yamma kuma layi ya yi tsawo ruwan ya koma ɗiga. A ƙaramin gari sau da yawa turke ɗaya ko biyu ne ke ɗauke da kowa, shi ya sa layin da ya ba ka mega 30 da safe yana iya komawa ƙasa da mega 2 da daddare. Idan garinku yana da ranar kasuwa, to lallai ka gwada a ranar, domin jama'ar ƙauyuka da suka shigo duk turken nan suke hawa.

Yadda za ka karanta sakamakon: idan da daddare kana samun mega 10 ko fiye, layin zai riƙe gida guda. Mega 5 zai ishi mutum biyu su yi kallo ko kiran bidiyo. Ƙasa da mega 2 wahala ce kawai. Mai koyarwa ta intanet ko mai tura takardu ya duba lamba ta biyu, wato ƙarfin ɗorawa, don ita ce ke sa a ga fuskarka ba tare da tana daskarewa ba.

Kada ka yarda da sandunan da ke saman waya. Sanda huɗu tana nuna kana kusa da turke ne kawai, ba ta nuna yawan mutanen da ke kansa. Idan kana son ainihin ƙarfin sabis, shiga saitin wayar Android, ka nemi bayanin waya, sannan wurin da aka rubuta SIM status. Za ka ga lamba mai alamar ragi da dBm a gabanta. Daga -70 zuwa -90 yana da kyau, wajen -100 da dama-dama, idan ya wuce -110 to ya yi rauni. Riƙe wayar ka zagaya: bakin taga, tsakar gida, zaure, saman katanga. Za ka ga lambar tana motsi da tazarar taku biyar kacal. Inda ta fi kyau, nan ne mazaunin rautarka.

Gargaɗi: gwajin kansa yana cin data, musamman idan layin yana da sauri. Kada ka yi ta dannawa. Sau ɗaya a kowane lokaci ya isa, ka rubuta a takarda, ka yi haka kwana biyu ko uku.

3. Zaɓi na'ura bisa abin da gwajin ya nuna

Idan sabis yana da kyau a cikin ɗaki kuma ku kaɗan ne, tsohuwar waya mai 4G da aka ajiye a caji tana raba data ta wadatar. Aibinta zafi. A watan Maris da Afrilu wayar da ke raba data kuma tana kan caji yini guda, batirinta kumbura yake yi.

Mifi ita ce ƙaramar nan mai batir a ciki wadda ake sawa a aljihu. Ita ta fi araha, tana ɗaukar na'urori wajen goma, kuma ko an ɗauke wuta tana yin wasu awoyi. Ta dace da ɗalibi ko ma'aikaci mai ɗaki ɗaya. Amma ƙarfinta ba ya ratsa katanga biyu, ballantana ginin ƙasa mai kauri.

Rauta ta tebur ita nake ba magidanci shawara. Eriyarta ta fi ta waya kama sabis, tana ɗaukar mutane da yawa, kuma tana da ramin da za ka jona kwamfuta ko talabijin da waya kai tsaye. Idan za ka saya, juya bayanta ka duba ko akwai ramuka biyu na ɗaura eriyar waje. Ko ba ka buƙatar su yau, wata rana za su yi maka rana.

Idan kuwa gwajin ya nuna a tsakar gida sabis lafiya lau, a ɗaki kuma babu, to maganin shi ne eriyar waje, ko irin rautar da ake kafawa a kan ƙarfe a saman rufi a jawo waya zuwa ciki. A fuskantar da ita wajen turken, a riƙa juyawa a hankali wani yana ciki yana karanta lambar dBm har a samu inda ta fi kyau, sannan a ɗaure. Wayar eriya kada ta yi tsawo fiye da kima, don kowace mita tana rage ƙarfin.

Gargaɗi: akwai wata na'ura da ake tallata wa mutane da sunan busta mai ƙara sabis. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta hana sayar da ita da kafa ta ba da izini ba, domin tana dagula sabis ɗin maƙwabta da turken kansa. Eriyar da ke shiga rautarka kai tsaye daban ce, ita ba ta da wannan matsala. Haka nan kada ka biya kuɗin rauta mai 5G alhali garinku babu 5G. Za ta yi aiki, amma a kan 4G ɗin da mai araha ma za ta kama.

4. Saye da rajista

Rauta iri biyu ce a kasuwa: ta kamfani wadda aka kulle a kan layinsu, da buɗaɗɗiya mai cin kowane layi. Ta kamfani ta fi sauƙin kuɗi, yawanci da kyautar data a watan farko, kuma tana da tsarin data na musamman da ya fi na waya arha. Buɗaɗɗiya ta fi tsada amma ranar da layi ɗaya ya lalace sai ka zare ka sa wani. Idan gwajinka ya nuna layi ɗaya ya yi wa sauran fintinkau, sayi ta kamfanin. Idan biyu ne suke kankankan, buɗaɗɗiya ta fi.

Ta kamfani, je ofishinsu ko wurin dillalinsu na hakika a babban birnin jiharku. Buɗaɗɗiya kuma ana samu a kasuwannin waya irin Farm Centre da titin Beirut a Kano. Kafin ka biya, sa layinka a ciki a nan shagon, ka ga ta kama 4G, ka shiga intanet da ita. Duba kwalinta ko tana ɗaukar zangon sabis (band) mai lamba 3, 7, 20 da 28, waɗanda kamfanonin Najeriya ke aiki da su. Na 20 da 28 su ne masu tafiya nesa da ratsa gini, su ne kuma abin dogaron mutumin karkara. Wasu rautocin gwanjo da aka shigo da su daga waje ba su da su. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar.

Gargaɗi: layin da ke cikin rauta ma dole a yi masa rajista da lambar NIN, kuma da sunanka. Kada ka karɓi layin da aka ce "an riga an yi masa rajista". Ranar da aka toshe shi, ko ya lalace kana son a sabunta maka, ba ka da ta cewa, duk datar da ke kai ta tafi. Idan ka manta lambar NIN ɗinka, danna *346# a layin da ka yi rajistar da shi.

5. Tanadi wuta tun kafin ka kunna

Rauta mai kyau ba ta da amfani a garin da ake yini ba a kawo wuta ba. Abin farin ciki, ba ta da ci. Yawancinsu bolt 12 suke amfani da shi, kuma cinsu bai cika wuce wat 10 ba. Yini da kwana ke nan wat-awa 240. Akwai ƙaramin batir na musamman da ake sayarwa don rauta, ana jona shi tsakanin soket da rautar, yana caji idan akwai wuta, idan an ɗauke ya ci gaba ba tare da ta mutu ba. Akwai kuma wayar da ke ɗaga bolt 5 na fawabank zuwa 12. Wanda yake da sola a gida, ko da ƙarama ce ta fitila da fanka, ta isa.

Gargaɗi: karanta abin da aka rubuta a jikin cajar rautar kafin ka jona mata wani abu. Idan ta bolt 9 ce ka ba ta 12, ta ƙone. Da damina kuma, idan hadari ya taso da tsawa, zare ta daga soket, ka cire wayar eriyar waje. Tsawa ta fi shigowa ta nan.

6. Kafa ta, ka kulle ta

Ajiye rautar a wurin da gwaji ya nuna maka, a sama, kusa da taga, ba a ƙasa ba, ba a cikin kabad ba, ba a bayan talabijin ba. Kada rana ta riƙa dukan ta kai tsaye. A lokacin hunturu a riƙa kaɗe mata ƙura daga ramukan shan iska.

A ƙasanta akwai takarda mai sunan Wi-Fi da kalmar sirri da adireshin shiga, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Jona wayarka, ka rubuta adireshin a burauza. Kalmar sirri biyu za ka canza. Ta farko ta Wi-Fi, wadda za ka ba mutanen gida. Ta biyu ta shiga saitin rautar, wadda sau da yawa daga kamfani "admin" ce kawai. Ita ce ake mantawa, kuma duk yaron da ya san ta zai iya shiga ya karanta ta farkon ko ya canza ta. Kada ka sa lambar wayarka ko sunan ɗanka, maƙwabta da su suke fara gwadawa.

A cikin saitin akwai jerin na'urorin da ke kan layin. Ka riƙa leƙawa lokaci-lokaci. Wayoyin yanzu suna iya raba kalmar sirri ta hoton lamba (QR), mutum ɗaya ya ba abokinsa, abokin ya ba wani, kafin mako ya zagayo samarin layinku sun koma zama a jikin katangarka. Idan ka ga baƙuwar waya, toshe ta daga nan, ka canza kalmar.

Idan rautar tana nuna suna biyu, ɗaya da 2.4 ɗaya da 5, na 2.4 shi ne mai nisa da ratsa bango, na 5 kuma ya fi sauri amma sai kana kusa. Gida mai sassa da yawa, na 2.4 za a fi mora.

7. Sayen data da tattalinta

Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025, lissafi ya zama dole. Duk tsarin da aka nuna maka, raba kuɗin da yawan gigar ka ga nawa giga ɗaya ta kama, sannan ka duba kwana nawa yake yi. Babban tsari na wata kusan kullum ya fi ƙananan na mako arha. Amma a watan farko kada ka sayi na wata uku ko na shekara, bari ka ga yadda layin zai kasance tukuna. Lambobin yanzu ɗaya ne a duk kamfanoni: *312# sayen data, *323# duba saura, *310# duba kuɗi. Layin rauta kuma ya fi sauƙin kulawa ta manhajar kamfanin a wayarka.

Gargaɗi: tsarin da aka ce ba shi da iyaka, tambayi ƙa'idarsa. Wasu idan ka kai wani adadi sai a rage saurin har ya zama saƙon rubutu kawai ke wucewa. Wasu kuma tun farko an ƙayyade saurin. Tambayi giga nawa ne kafin a rage, kuma zuwa mega nawa.

Waya tana ɗaukar kowane Wi-Fi a matsayin na banza, sai ta kama sabunta manhajoji da kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar Google cikin dare. A kowace wayar gidan, shiga saitin Wi-Fi ɗin ka nuna mata cewa mai awo ne (metered). Kwamfuta mai Windows ma haka. A WhatsApp kashe saukar da bidiyo kai tsaye, musamman ga masu zaurukan dangi da na unguwa. A YouTube a tsayar da haske a 480, a fuskar waya ba za a ga wani bambanci ba.

8. Idan duk layukan sun gaza: Starlink

Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kuma ba ruwansa da turken garinku, sararin sama kawai yake so. Ga wanda sana'arsa ta dogara da intanet, ko makaranta, ko asibiti, ko cibiyar rajistar jarrabawa, babu kamarsa a karkara. Sai dai nauyinsa ba na kowa ba ne. A 2025 kayan sun kai naira 590,000, kuɗin wata na gida kuma naira 57,000, don haka duba farashin ranar a shafinsu kafin ka yanke shawara.

Tun kafin ka biya, sauke manhajarsu, ka sa adireshinka ka ga ko ana karɓar sababbi a yankin. A cikinta akwai wurin da za ka ɗaga kyamarar waya sama ta nuna maka ko wani abu ya tare. Bishiyar darbejiya ɗaya ko tankin ruwa ya isa ya riƙa katse maka kira. Sai maganar wuta: babban farantin Starlink, wato eriyar da ke kamawa daga sama, yana cin wat 75 zuwa 100, awa goma ke nan ya kusa wat-awa 1,000. Batirin sola na ruwa mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, kuma rabi kawai ya kamata a ja idan ana son ya daɗe. Ka ga batir ɗaya ba zai kai ka ba. Ƙaramin farantin da ake kira Mini cinsa bai kai rabin haka ba. Ruwan sama mai ƙarfi yana rage sabis ɗin na ɗan lokaci.

Gargaɗi: idan na hannu za ka saya, tabbatar mai shi ya sake shi daga asusunsa, ya koma naka da imel ɗinka, a gabanka. Farantin da ke kan asusun wani, ko wanda ake bin sa bashi, ba zai yi maka aiki ba. Sannan sayar wa jama'a intanet sana'a ce mai buƙatar lasisin NCC, tsarin gida ba don haka aka yi shi ba.

9. Ranar da sabis ya ɗauke

Fara da kashe rautar, ka jira minti ɗaya, ka kunna. Duba ko data ce ta ƙare. Zare layin ka sa a waya: idan a wayar ma babu, matsalar daga turke take, wataƙila man janaretansa ya ƙare ko masu aikin titi sun tsinke fiba. Wannan ba abin da za ka iya sai jira, shi ya sa yana da kyau ka ajiye layin wani kamfanin da 'yar data a kai, musamman mai POS da ɗalibin da ke da jarrabawa.

Idan abin ya wuce kwana biyu, ko aka cire maka kuɗi ba a ba ka data ba, kira 300, lambar kula da abokan hulɗa ce a duk layukan. Faɗi sunan garin da unguwar, ranar da abin ya fara, da sakamakon gwajin da ka rubuta. Ka nemi lambar ƙorafi ka adana ta. Maƙwabta ma su kira, domin ƙorafi ashirin daga unguwa ɗaya ya fi saurin tayar da injiniya. Idan kamfanin bai yi komai ba, kira NCC a 622, kyauta ne, kuma lambar ƙorafin nan ita za su fara tambayar ka.